Ƙugiyar nan ta bayan wuƙar aljihu, ga abin da ake yi da ita

Duk wanda yake da jar wuƙar aljihun nan mai baki da yawa, wadda ake ce wa ta sojojin Suwizalan, in ya juya bayanta zai ga wani ɗan ƙarfe a kwance mai lanƙwasa a ƙarshensa, ba kaifi ba tsini. Ƙugiya ce. Yawancin mutane ranar da suka sayi wuƙar ne kawai suke buɗe ta, su jujjuya su kalla su ce to wannan kuma na meye, su mayar su rufe, shikenan ta kwanta kenan har ƙura ta cika gurin. Alhali a zaman garin nan namu na Kano inda komai a leda yake zuwa, ko a ɗaure da igiya ko da waya, ni a gurina ta fi zarton da ke jikin wuƙar amfani nesa ba kusa ba, dan sai ka yi wata nawa ba ka yanka katako ba amma da wuya yini ya wuce ba ka ɗauki leda ba.

Aikinta guda ɗaya ne tak, ja. Tana mayar da wuƙar gaba ɗayanta ta zama mariƙi. Dan haka duk wani siririn abu da in ka ja shi da yatsa zai yanke ka, ko ya ƙona ka, ko ya ɓata maka hannu da baƙin mai, to aikin ƙugiya ne. In ka riƙe wannan a ka, sauran dabarun da kanka ma za ka ringa gano su.

Amma tukunna, ba kowace wuƙa ke da ita ba fa. Kamfanin Victorinox ne ke saka ta, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a garin Ibach a 1884, wanda ya fara kai wa sojojin ƙasarsu wuƙa a 1891. Ita ƙugiyar sabuwar shiga ce in aka kwatanta, sai a 1991 aka ƙara ta, kuma a kan wuƙaƙe masu tsawon milimita 91 da ke da almakashi, sabida a bayan layin almakashin take zama. Kenan in taka Climber ce ko Huntsman ko Explorer ko Super Tinker ko Fieldmaster ko babbar nan SwissChamp, duba bayanta za ka gan ta. Mai Spartan ko Tinker zalla ko Camper kar ya wahalar da kansa, ba almakashi ba ƙugiya. Ita ma 'yar ƙaramar nan Classic da ake maƙalawa a makulli tana da almakashi amma ba ta da ƙugiya. In kuma ka ci karo da Climber a kayan gwanjo ga almakashi amma bayan ba ƙugiya, ba lallai jabu ba ce, tsohuwar ƙira ce ta kafin 1991. Akwai wata da ake kira Compact, ita a jikin ƙugiyarta har abin goge farce aka yi.

Yanda ake buɗewa da riƙewa, dan nan ne mutane ke fara kuskure. Ka tabbata duk sauran bakunan a rufe suke, musamman wuƙar da almakashin, shi almakashin ma sifirin ɗaya suke rabawa da ƙugiyar, wato ƙarfen ciki da ke riƙe baki a buɗe ko a rufe, buɗe su tare yana gajiyar da sifirin ɗin. Sa farcen babban yatsa a ƙarƙashin lanƙwasar ka ɗago, sabuwa tana da ɗan tauri, za ka ji ta ce ƙas ta tsaya a miƙe daidai tsakiyar wuƙar, ta zama siffar harafin T. Sai ka kwantar da wuƙar a tafin hannu ka dunƙule, ƙugiyar ta leƙo ta tsakanin ɗan yatsan tsakiya da na zobe. Shikenan. Nauyin da a da zai taru a kan siririn layi guda ya nutse cikin fatar yatsunka yanzu ya bazu a kan ƙotar wuƙar gaba ɗaya, yatsu huɗu suna ɗauka tare.

Abu ɗaya da dole ka sani, ba ta da makulli. Sifirin ne kawai ke riƙe da ita a buɗe. Muddin jan a miƙe yake, wato nauyin yana bin tsawon ƙugiyar sak, ba abin da zai same ta, hannunka ne ma zai fara gajiya kafin ita. Amma da ka karkata hannu jan ya koma gefe sai ta nemi rufewa, kayan su zame su faɗi. Dan haka wuyan hannu a miƙe, kuma in da hali bakin ƙugiyar ya kalli gaba ko jikinka yanda idonka zai iya ganin abin da ka saƙala.

To mu fara da kasuwa tunda dan ita aka yi ta tun asali, ɗaukar ƙunshin kaya da aka ɗaure da igiya. Ka shiga Kantin Kwari ka sayi turmin atamfa biyar ko shida da shadda, yaron shago ya haɗa ya ɗaure maka da siririyar igiyar roba ya yi gicciye, ga shi motarka ko inda za ka samu adaidaita da ɗan nisa, ga cunkoso, kafin ka fito titi yatsunka sun yi jawur igiyar ta yi musu zane. Abin yi shi ne ka saƙala ƙugiyar daidai inda igiyoyin biyu suka haɗu suka gitta, ba a igiya ɗaya ba, ka ɗan ɗaga kaɗan daga ƙasa ka ga ko ƙunshin ya daidaita, in ya karkata ka matsar da gicciyen tsakiya sannan ka ɗauka. Haka katan ɗin da aka ɗaure maka a Singa, haka kiret ɗin ƙwai biyu ko uku da aka jera aka ɗaure, shi ƙwai ma ya fi son wannan ɗaukar dan a kwance yake tafiya ba ya jirkicewa. In ɗaurin da faffaɗar robar nan ta katan aka yi, ba za ta shiga bakin ƙugiyar a shimfiɗe ba, sai ka ninka ta biyu a tsaye tukunna.

Leda kuwa sai an ɗan yi mata dabara. Bakin ƙugiyar ƙarami ne, ba zai haɗiye hannayen leda shida a barbaje ba, ka tattara hannayen ka murɗa su su zama kamar igiya guda sannan ka tura ciki. Kuma ka lura, baƙar ledar nan marar kauri da ake zuba maka tumatir da attaruhu a 'Yankaba, ko lemo da kankana a 'Yan Lemo, in nauyin ya yi yawa a daidai ƙugiyar za ta tsinke, sabida duk nauyin ya taru a guri ɗaya ɗan mitsitsi. Ka ce a ninka maka leda, ko ka ƙulle hannayen ka saƙala a ƙarƙashin ƙullin. Da azumi in ka je sayen ƙanƙara dab da magariba za ka gode wa wannan dabarar, ga nauyi ga sanyi ga leda na ɗiga. Jarkar ruwa dai a manta da ita, mariƙinta ya yi wa ƙugiyar kauri, sai dai in ka zura igiya a mariƙin ka yi zobe.

Bokitin fenti ma haka. Wanda ya taɓa ɗauko mai lita 20 daga Ƙofar Ruwa bayan robar da ke jikin mariƙin ta fashe ya san abin da nake nufi, fenti ya fi ruwa nauyi, bokitin ya haura kilo 20 sosai, kuma duk a kan waya guda. Saƙala a tsakiyar wayar, ɗaga a hankali ba da fizga ba, hannu a miƙe a gefen jiki. Buɗe murfin kuma kar ka ce da ƙugiyar za ka ɓanɓare, ba aikinta ba ne, za ka sassauta mata gindi a banza.

Yanzu ga inda ni na fi ganin darajarta, janareta. Mariƙin robar da ke bakin igiyar tayarwa rana da zafin inji suna busar da shi, wata rana cikin dare ana zafi an ɗauke wuta ka ja kawai ya rabe biyu a hannunka. In ka yi sa'a ƙullin ya tokare igiyar ba ta shige ciki ba, jawo ta kaɗan ka ƙulla ɗan zobe a bakinta, zoben da ba ya zargewa, ka saƙala ƙugiyar. Ja a hankali har ka ji injin ya yi tauri, sannan ka fizga a miƙe daidai saitin ramin da igiyar ke fitowa. Abin da ba a yi shi ne sakin wuƙar bayan an ja, dan sifirin ɗin ciki zai fizge ta ta bugi jikin injin, ko ta fasa ƙota ko ta tsallake cikin duhu ka yi ta lalube, ka raka igiyar da hannu har ta koma. Kafin ka cire ƙugiyar kuma ka tura ɗan itace ko ƙusa a zoben dan kar igiyar ta shige ciki gaba ɗaya, in ta shige sai an kwance murfin. In ma ta ɗan shige amma kana hango bakinta ta ramin, wani lokacin ƙugiyar na iya kamo ta, injin a kashe fa. Wannan duk na wucin gadi ne, da babu gara ba daɗi, gari na wayewa ka sayi sabon mariƙi gurin mai gyara, ba shi da wani tsada.

Sai sarƙar keke. Ka sa fararen kaya za ka masallacin Juma'a ko yaro zai tafi Islamiyya, sarƙa ta zame, kowa ya san ƙarshen zancen, hannu baƙi ƙirin riga ta samu tambari. Yanda za ka yi: jingine keken ko ka kifa shi, fara tabbatar da sarƙar tana kan ƙaramin mai haƙoran nan na baya, sai ka kamo ta da ƙugiya ka ɗora ta kan haƙora uku ko huɗu na saman babban farantin gaba, ka zare ƙugiyar, sannan ka juya feda gaba a hankali da ɗaya hannun, da kanta za ta hau ta zauna. Ka zare ƙugiyar kafin ka juya fa, in ba haka ba haƙoran za su ja ta su matse. Keke mai giya ya ma fi sauƙi, ka tura ɗan hannun da ke rataye a ƙasan giyar baya zuwa gaba, sarƙar ta yi sako-sako, ka ɗora. Babur kuma maganarsa daban, sarƙarsa ta fi ƙarfin wannan wasan, in ta faɗi alama ce ta saki tana son a ɗaure ta gurin bakanike, kuma ko kusa da ita kar ka kai hannu inji na kunne. Inda ƙugiyar ke taimakon mai babur shi ne ƙananan sifirin, kamar na jak ɗin gefe ko na birki in ya fita daga mazauninsa. Saƙala bakin sifirin ɗin, ja a miƙe, zaunar da shi, kuma ka kawar da fuskarka daga saitinsa dan in ya kufce ido yake nema.

Murɗa waya, wannan ma aiki ne da take yi tsaf. In ka taɓa tsayawa gurin gini ka ga masu ɗaurin rodi, wani lanƙwasasshen ƙarfe suke amfani da shi, aikin ɗaya ne. Yanko siririyar wayar ɗauri ka ninka ta biyu, zagaya abin da za ka ɗaure, gefe guda yana da zobe ɗaya gefen yana da baki biyu, saƙala ƙugiyar a zoben, ɗora bakunan biyu a kan ƙugiyar, sai ka fara juya wuƙar kana ɗan ja baya. Jan nan shi ne sirrin, shi ke sa murɗin ya matse daga gindi maimakon ya taru a sama. Da ka ji ta yi tauri ka tsaya, in ka ƙara zagaye biyu za ta tsinke ka koma farko. Da wannan za ka gyara ragar kejin kaji ko ɗakin tantabaru, ka ɗaure lambar mota da ta saki, ka riƙe salansa ta kai ka gareji (ka bari ta huce tukunna), ka ɗaure tiyo a bakin famfo. Waya mai kauri dai a bar wa filaya, dan juyawar tana matsa wa ƙusar da ke riƙe da ƙugiyar.

Ɗaurin kaya da igiya, ko a saman mota za a tafi ƙauye, ko buhu a bayan babur daga Dawanau, ko tamfol da damina ta kawo kai. Matsalar siririyar igiyar roba ita ce ba ka iya ja da ƙarfinka duka sabida tana cin hannu. Ƙulla zobe a jikin igiyar can sama, zagayo da bakin ta ƙarfen da za ka ɗaure a jiki, dawo da shi ka zura ta cikin zoben, sai ka yi wani ɗan zoben a bakin ka saƙala ƙugiya ka ja ƙasa, za ka ga igiyar ta ɗame har tana ƙara in ka taɓa, danne da yatsa a inda ta ratsa zoben ka ƙulle. Ramukan bakin tamfol ma ƙugiyar na shiga, ka ja ka miƙar da shi wani ya ɗaure. In an tashi daga ɗaurin aure ko zaman makoki ana kwance rumfa, siraran turakun ƙarfe da aka kafa a ƙasa ka saƙala ka ja su ta saitin da aka buga su, manyan na rodi kuwa sai an girgiza da guduma. Robar tsohon tib da ake ɗaure kaya da ita, a nan sai a yi hattara sosai, in ta kufce daga ƙugiya dawowa take da ƙarfi.

Kwance ƙulli fa? Tana yi, in ƙullin babba ne, ka tura bakin a ƙarƙashin igiya guda ka ringa jijjigawa har ta saki. Amma gaskiyar magana murɗaɗɗen ƙarfen nan na cire toshiyar kwalba da ke kusa da ita ya fi ta iya wannan, dan yana da tsini yana kutsawa cikin ƙullin da ya ɗame. Shi ne ma kusan amfaninsa kaɗai a gurinmu. Dan haka mai shirin saye ya zaɓa, ko mai wannan ƙarfen kamar Climber, ko mai sukudireba mai tauraro a gurbinsa kamar Super Tinker, ni dai ta biyun nake ba mutane shawara.

Uwargida ke ma da naki kason, in maigida ya ajiye tasa a durowa ba ya taɓawa ki ɗauke kawai. Tukunya mai mariƙin waya da ke kan murhun gawayi, butar shayi a kan mangal, murfin da ɗan mariƙinsa ya yi zafi, ragar gashi da ake son juyawa ko ɗagawa a ƙara gawayi lokacin suyar layya, farantin cikin oba da ake son jawowa, duk ki saƙala ki ɗaga ba sai kin nemi tsumma ba. Sharaɗi biyu ne. Na farko a yi da sauri, ƙarfe ne yana ɗaukar zafi, kuma jar ƙotar roba ce, in harshen wuta ya lashe ta narkewa za ta yi. Na biyu, ɗagawa da saukewa kawai, banda tsiyayewa, dan tukunyar da ke rataye a ƙugiya lilo take yi, in za ki juye ruwan zafi sai ɗaya hannun ya riƙe gindinta da tsumma. Kaskon mai mai tafasa kuwa ko da wasa, wannan hannu biyu yake so.

Gwangwani mai zobe a ka, na kifi ko na lemo, in kin yi lalle bai bushe ba ko farce ya yi laushi, ko tsoho ne da yatsunsa ba ƙarfi, a tura bakin ƙugiyar ƙarƙashin zoben a ɗago. Buhun shinkafa ko na sukari da aka ɗinke da inji, a tsinke ƙullin ƙarshe da almakashi, a zaƙulo zaren da ƙugiya a ja, zai warware tas har ƙarshe buhun bai yage ba. Ta gefe ɗaya kawai yake warwarewa, in kin ja ya ƙi ki koma ɗaya ƙarshen.

Akwai kuma aikin da ba mai so, rariyar banɗaki ko ta wajen wanke-wanke da gashi da zaren soso suka toshe, ko murfin kwata da ba shi da gurin kamawa. Tana yi, amma in wuƙar ce kake yanka lemo da ita to ka wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi sosai bayan nan, ko kuma ka lanƙwasa waya ka yi da ita ka bar wuƙarka da tsarkinta, ni haka na fi so.

Ƙananan abubuwa na nan birjik. Zif ɗin jakar makarantar yara da ɗan mariƙinsa ya karye, saƙala a ramin da ya rage ka ja. Igiyar takalmin ƙwallo da ake so ta ɗame, bi ta layi-layi daga ƙasa kana ja. Durowar da mariƙinta ya fita, in ramin sukurun na nan. Mazagin wando da ya shige ƙubaka, in bakinsa na kusa za ta kamo shi, in ya yi nisa ta yi kauri, sai matsefatar da ke cikin ƙotar ko fil. Masu zuwa kamun kifi Wudil ko Tiga, in zare ya maƙale a ƙasa kar a naɗe shi a hannu a ja, yanka yake kamar reza, a yi zobe a saƙala. Wasu har jingina waya suke yi da ita su kalli bidiyo, su buɗe ta su ajiye wuƙar a tebur, to yana yiwuwa amma ni ban ga abin a zo a gani ba, kofin shayi ma zai yi maka wannan.

Abubuwan da ba a yi da ita sam, na farkonsu wuta. Ƙugiyar ƙarfe ce, cikin wuƙar duk ƙarfe ne, kar ka ce za ka zaƙulo waya daga soket ko ka ja fis ko ka gyara wayar da ta saki a jikin mita wai ai an ɗauke wuta, ba ka san lokacin da za a dawo da ita ba. Na biyu dabba. Igiyar ragon layya ko ta akuya ba a riƙe ta da ƙugiya, dabba gefe take fizga ba a miƙe ba, ƙugiyar za ta rufe rago ya shiga titi. Na uku nauyin mutum, yara in sun gani sai su ce za su saƙala a waya su yi lilo, a hana su. Kuma duk abin da ka ɗauka da ita kar ƙafarka ko ta yaro ta kasance a ƙarƙashinsa.

Duk wannan bayanin da nake yi a kan ta asali nake magana. Kasuwa cike take da masu kama da ita, ja ce, da ɗan farin tambari, har da ƙugiyar, kuɗinta kaɗan, kar ka yi wa rogo kallon kitse. Buɗe babbar wuƙar ka duba gindinta, ta asali an buga sunan Victorinox a jikin ƙarfen da rubutu mai tsafta. Buɗe ƙugiyar ka girgiza ta gefe da gefe, bai kamata ta yi rawa ba, kuma in ka rufe ka ji ta koma da ƙarfi ta ce ƙas. Ta jabu ƙarfenta laushi gare shi, lanƙwasar na iya miƙewa ko ƙusar ta fita kana tsakiyar titi da kiret ɗin ƙwai. In ita gare ka ba laifi ka yi zif da gwangwani da sarƙar keke da ita, amma kafin ka ba ta nauyi gwada ta a gida, abin ya ɗan tashi daga ƙasa kaɗan kawai.

Sannan maganar yawo da ita a gari, wannan sai an faɗa. Kowa ya san halin da ake ciki da faɗan daba da ƙwacen waya, jami'an tsaro ba sa wasa da maganar wuƙa a jikin matashi, kuma mutanen gari ma in sun ga ka zaro abu mai kama da wuƙa a cikin adaidaita ba za su tsaya tambayar ko ƙugiya za ka buɗe ba. Dan haka ajiye ta a jaka ko a mota ko cikin kayan aiki, in za ka yi amfani da ita a kasuwa ka buɗe ƙugiyar kaɗai a fili kowa na gani, kar ka kai ta filin ƙwallo ko taron siyasa ko gurin hawan Sallah. Ƙofar banki mai na'ura ba za ta bar ka ka shiga da ita ba. In kuma tafiya ce ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ko Umara ko Legas, a babbar jakar da za a auna take shiga, in ta kwana a jakar hannu to ka yi sallama da ita a gurin bincike.

Kulawa ba ta da yawa. Ƙurar hunturu da zaren aljihu su ne ke taruwa a gindinta har ka kasa ɗago ta da farce. Zuba ruwan ɗumi a kwano da ɗan sabulun wanke-wanke, tsoma wuƙar ka yi ta buɗe bakunan kana rufewa a ciki, bi lungunan da tsohon buroshin haƙori, ɗauraye, ka bar ta a buɗe a inuwa ta bushe sarai. Kar ka jiƙa ta a ruwan bilic, farantan da ke raba layukan cikinta na alminiyom ne, yana cin su. In ta bushe ɗiga man keken ɗinki ɗigo guda a gindin ƙugiyar ka motsa ta sau da yawa ka goge ragowar, amma in kana yanka abin ci da wuƙar kar man ya taɓa ruwanta. Man gyaɗa ko man ja kuma kar a saka, daskarewa suke su kama ƙura, bayan ɗan lokaci ta fi da tauri.